Bugun Buɗe Wasa a Ƙwallon Amurka: Kan Wa Ake Caca da Shi?

A watan Satumban 2025, shugaban Amurka Donald Trump ya hau shafinsa na Truth Social ya caccaki NFL, hukumar da ke shirya babbar gasar ƙwallon Amurka, a kan sabuwar dokar bugun buɗe wasa. Ya nemi a soke ta, ya kira abin da ake bugawa yanzu wasan ragwaye. Ba shi kaɗai ba ne. Duk inda masu bin wannan wasa suka haɗu a intanet za ka ji irin wannan ƙorafi: an lalata wasa, an mayar da maza mata, a dawo mana da na da.

Maganar ta ɓata mini rai, domin duk masu faɗin ta a kan kujera suke zaune, wuyansu lafiya lau.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. Sabon tsarin jera 'yan wasa da aka kawo a 2024 gyara ne na gaskiya, kuma bai kamata a koma gidan jiya ba. Amma abin da NFL ta ƙara a kai a 2025 ba domin lafiyar kowa aka yi shi ba, domin kallo aka yi shi, kuma 'yan wasan da suka fi kowa ƙarancin murya ne ke biyan farashinsa da kawunansu. Masu zagin dokar sun yi kuskure, masu yaba wa hukumar ido rufe su ma sun yi.

Me ake magana a kai?

Ga wanda bai saba da wasan ba, filin yadi 100 ne, da gidan maki mai yadi 10 a kowane ƙarshe, kowace ƙungiya da mutum 11. A farkon wasa, da bayan hutun rabin lokaci, da kuma bayan an ci maki, ƙungiya ɗaya takan doka ƙwallo can nesa zuwa ɓangaren abokan hamayya. Wani daga cikinsu ya cafe ta ya rugo da ita, abokansa suna share masa hanya, su kuma mutanen mai bugu suna tahowa a guje domin su kayar da shi. Inda aka kayar da shi, nan ƙungiyarsa za ta fara hari. Idan kuma ƙwallon ta faɗa gidan maki ya ga bai dace ya fito da ita ba, sai ya durƙusa, a ajiye musu ƙwallo a wani layi da doka ta tanada.

A tsohon tsari, mutum goma na ɓangaren mai bugu sukan taso tun daga ɓangarensu na fili, su yi gudun yadi 40 ko fiye kafin su haɗu da masu tare su. Ƙarti ne masu nauyin kilo 100 zuwa sama, wasu suna kai wa gudun kilomita 30 a awa, suna nufar wasu ƙartin da su ma gudu suke yi.

Duk wanda ya taɓa kallon raguna suna karo ya san abin da rago ke yi kafin ya kai hari: ja da baya yake yi. Gwargwadon nisan da ya ja, gwargwadon ƙarar da za ka ji idan kawunan suka haɗu. Ilimin kimiyya ma haka ya ce, idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karon yakan ninka sau huɗu. Tsohon bugun buɗe wasa shi ne wuri ɗaya a duk wasan da doka da kanta take ba mutane tazarar ja da baya mafi tsawo, sannan ta ce su haɗu.

Shi ya sa a 2018 Mark Murphy, shugaban ƙungiyar Green Bay Packers a lokacin, wanda shi ma tsohon ɗan wasa ne, ya fito ya ce alƙaluman hukumar sun nuna yiwuwar samun girgizar ƙwaƙwalwa a wannan bugu ta ninka ta sauran wasan sau biyar.

Ba girgizar ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Ranar 9 ga Satumba, 2007, Kevin Everett na Buffalo Bills ya ruga domin kayar da mai dawo da ƙwallo na Denver Broncos a bugun farkon zagaye na biyu. Ya faɗi bai tashi ba, ƙashin wuyansa ya samu matsala, lakarsa ta taɓu. Da farko likitoci ba su sa ran zai sake takawa ba. Allah ya sa ya taka bayan 'yan watanni, amma bai sake buga wasa ba, yana da shekara 25. A Oktoban 2010 kuma Eric LeGrand, ɗalibi a jami'ar Rutgers, ya yi irin wannan karo a wasansu da ƙungiyar makarantar sojoji. Shi tun daga ranar a keken guragu yake.

Shekarun kwaskwarima

NFL ta daɗe tana lallaɓa matsalar. A 2009 ta hana mutum uku ko fiye su haɗa kafaɗa su zama katanga a gaban mai ƙwallo. A 2011 ta matso da wurin bugu daga layi na 30 zuwa na 35 (lambar layi ita ce nisansa a yadi daga gidan makin ɓangarensa) domin ƙwallo ta riƙa wucewa gidan maki. A 2016 ta ce wanda ya durƙusa a ba shi layi na 25 maimakon na 20. A 2018 ta hana ɗiban gudu kafin a doka ƙwallo, ta kuma haramta katangar ko da ta mutum biyu ce. A 2023 ta ce ko a cikin fili ka ɗaga hannu ka cafe ba tare da gudu ba, za a ba ka layi na 25.

Yawancin waɗannan dabara ɗaya ce: a rage yawan lokutan da ake dawo da ƙwallo. Kuma ta yi aiki fiye da kima. A kakar 2023 kusan kashi 22 cikin ɗari na bugun ne kawai aka dawo da su, mafi ƙanƙanta a tarihin gasar. A wasan ƙarshe na Super Bowl da aka yi a Las Vegas a Fabrairun 2024 tsakanin Kansas City Chiefs da San Francisco 49ers, an yi bugu 13, ba a dawo da ko ɗaya ba.

To ka ga masu cewa a dawo da tsohon bugu suna kukan abin da ya riga ya mutu kafin sabuwar dokar ta zo. Abin da aka maye gurbinsa a 2024 ba wani fagen jarumta ba ne. Mutum ne ke doka ƙwallo ta wuce kan kowa, sai a tafi talla.

A watan Maris na 2024 masu ƙungiyoyi suka kaɗa ƙuri'a, 29 suka amince 3 suka ƙi, aka ɗauko tsarin da ƙaramar gasar XFL ta fara gwadawa a 2020. Mai bugu yana nan a layinsa na 35 shi kaɗai. Sauran goma an kai su can layi na 40 na abokan hamayya. Masu tare su, aƙalla tara, suna tsaye tsakanin layi na 30 da na 35. Tazarar yadi biyar ke nan tsakanin sahun gaba na ɓangarorin biyu. Babu wanda zai motsa, in ban da mai bugu da masu jiran cafewa, sai ƙwallo ta taɓa ƙasa ko ta shiga hannun mutum.

An cire dogon gudun, an bar wasan. A shekarar farko dawo da ƙwallo ya haura zuwa kusan kashi 33, kuma hukumar ta ce yawan girgizar ƙwaƙwalwa a kowane dawowa ya ragu da kashi 43 idan aka kwatanta da shekaru ukun da suka gabata. Wannan ne karon farko da aka taɓa tushen ciwon da gaske, wato dogon gudu, maimakon a ɓoye bugun.

"Wasan maza ne, wanda ba zai iya ba ya koma gefe"

Wannan ita ce hujjar da aka fi ɗaga murya a kanta, kuma ita ce mafi rauni.

Babu wanda ya hana kayar da mutum a sabon tsarin. Har yanzu ƙato ne ke rungumar ƙato ya maka shi da ƙasa. Abin da aka hana shi ne mutum ya mayar da jikinsa harsashi tun daga nesa. Idan jarumtar da kake nema ba ta cika sai an ɗauki wani a kan gadon marasa lafiya, to ka tambayi kanka me ka zo kallo.

Kuma wasan da suke kira na asali bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. A 1905 aƙalla mutum 18 suka mutu a filayen ƙwallon Amurka, galibinsu ɗalibai. Shugaban ƙasar na lokacin, Theodore Roosevelt, mutumin da aka sani da son farauta da dambe, ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton zuwa fadar White House ya ce su gyara. Daga gyare-gyaren 1906 aka halatta jefa ƙwallo gaba, abin da a yau shi ne ƙashin bayan wasan, shi ne kuma abin da miliyoyin mutane ke zama kallo. Abin da masu kishin al'ada ke alfahari da shi yanzu, dokar kare rai ce ta haife shi.

Mu masu kallon ƙwallon ƙafa ma mun ga irin wannan. Kafin 1992 mai tsaron raga yana iya kama ƙwallon da ɗan bayansa ya mayar masa da ƙafa. Da aka hana, an yi surutu, yau kuwa ba wanda zai yarda a koma. Ido yakan saba. Mutum 19 a tsaye cak suna jiran ƙwallo ta sauko abu ne da ke da baƙon kama a karon farko, wannan gaskiya ne, amma baƙon kama ba hujja ba ce a kan wuyan mutum.

Akwai asara ɗaya da ba zan musa ba. A da ƙungiya tana iya yaudarar abokan hamayya da gajeren bugu ba zato, ta ruga ta ƙwace ƙwallon da kanta. A Super Bowl na Fabrairun 2010, New Orleans Saints suna baya da maki 10 da 6 aka tafi hutu. Da aka dawo kocinsu Sean Payton ya sa aka yi wannan dabara, suka ƙwace ƙwallo, wasan ya juya, suka doke Indianapolis Colts da 31 da 17. A sabon tsari hakan ba zai yiwu ba, domin dole ka sanar da alƙalin wasa cewa gajeren bugu za ka yi, kuma a dokar 2025 sai kana baya a maki. An rasa wani abu mai daɗi. Amma dabara ce da ba kasafai ake ganin ta ba, shi kuwa dogon gudun a kowane wasa ake yin sa, sau da yawa. Ba zan sayi mamakin da ke zuwa jefi-jefi da haɗarin da ke zuwa kowane mako ba.

"Ai ana biyan su, kuma sun san abin da suka shiga"

Wannan hujja ta fi ta farko nauyi, musamman a kunnen wanda ke fama da tsadar rayuwa. Mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa a NFL a 2025 dala 840,000 ne a shekara. Wa zai tausaya wa mai irin wannan kuɗi?

Sai dai a duba su wane ne ke gudu a bugun buɗe wasa. Ba taurari ba ne. Dak Prescott na Dallas Cowboys, wanda kwantiraginsa ya kai dala miliyan 60 a shekara, yana gefen fili a lokacin, ba kocin da zai yi gangancin tura shi. Waɗanda ake turawa su ne na ƙasan jerin mutum 53 da kowace ƙungiya ke riƙewa: sababbin shiga, da waɗanda ba a ma zaɓe su a zaɓen sababbin 'yan wasa ba, da 'yan benci masu neman a gan su. Irin wannan yaro ya san akwai wasu a waje suna jiran gurbinsa. Idan koci ya ce ruga ka fasa, ba shi da bakin cewa a'a. Idan kansa ya bugu yana ganin hazo-hazo, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne ya ɓoye, domin wanda ya kwanta jinya ana iya sallamarsa.

Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da 'yan kai ba, kuma yawancin kwantiragi ba a lamunce kuɗinsu gaba ɗaya. Fansho da inshorar lafiya ta shekara biyar bayan ritaya sai wanda ya cika kaka uku da aka ƙirga masa. Da yawa daga masu wannan gudu ba sa kaiwa. Mutum ya bar wasa yana ɗan shekara 25, da ciwon kai, da mantuwa, da saurin fushi, da sauran shekara arba'in ko hamsin a gabansa. Kuɗin shekara biyu, bayan haraji da kason wakili, ba zai riƙe wannan ba.

Akwai waɗanda suka yi suna a wannan fage, kamar Matthew Slater da ya yi kaka 16 a New England Patriots, da Devin Hester wanda ya buɗe Super Bowl na 2007 da gudun yadi 92 har gidan maki, aka kuma shigar da shi zauren gwarazan wasan a 2024. Amma a bayan kowane Hester akwai ɗaruruwan da ba wanda ya riƙe sunansu.

Batun "sun san abin da suka shiga" kuwa, sai mu tuna yaushe aka bar su suka sani. A 2002 wani likitan binciken gawa ɗan Najeriya, Dakta Bennet Omalu, haifaffen jihar Anambra wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster a Pittsburgh. Webster tsohon gwarzon ƙungiyar Pittsburgh Steelers ne da ya ci Super Bowl huɗu, ya mutu yana da shekara 50 bayan shekarun ruɗewa da rashin matsuguni. Omalu ya ga lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE, wadda ake dangantawa da yawan bugun kai, ya wallafa sakamakon a 2005. Likitocin kwamitin NFL suka nemi a janye rubutun. Sai a Maris na 2016 wani babban jami'in hukumar, Jeff Miller, ya amsa a gaban 'yan majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A tsakanin nan dubban tsofaffin 'yan wasa sun kai ƙara, aka yi sulhu a 2013 a kan dala miliyan 765, daga baya aka cire iyakar kuɗin.

Hukumar da ta yi shekara goma tana jayayya da likita ba za ta juyo ta ce wa ma'aikatanta ai kun sani ba. Ita ma ba za mu karɓi duk abin da ta faɗa a kan lafiya ba tare da mun duba ba.

Inda aka karkace

A nan ne na rabu da masu yabon NFL.

A kakar 2024, idan mai bugu ya doka ƙwallo ta faɗa gidan maki, abokan hamayya kan fara daga layi na 30. Kociyoyi da yawa suka lissafa suka ga gara su ba da layi na 30 da su yi kasadar a zura musu dogon gudu. Shi ya sa biyu cikin uku na bugun ba a dawo da su ba. Hukumar ba ta ji daɗin haka ba. A 2025 ta tabbatar da dokar dindindin, ta kuma matsar da wancan layi zuwa na 35. Ma'ana duk wanda ya ƙi bari a dawo da ƙwallo an ci shi tara mai tsada.

Sakamakon ya zo yadda aka so. Kusan uku cikin huɗu na bugun aka dawo da su. Daga ƙasa da 1,000 a 2024, adadin ya haura 2,000 a 2025. Masu sharhi suka yi ta murna an farfaɗo da bugun.

Girgizar ƙwaƙwalwa a wannan bugu kuma ta tashi daga 8 a 2024 zuwa 35 a 2025.

Amsar hukumar ita ce a duba kaso, cewa idan aka raba da yawan dawowa, haɗarin bai kai na tsohon tsari ba. Ko da mun karɓi wannan, akwai abu biyu. Na farko, dawowa ta ninka sau biyu da ɗoriya, amma raunin ya ninka fiye da sau huɗu, don haka kason kansa ya hau idan aka kwatanta da 2024. Na biyu, wanda ya fi damuna, kaso ba ya zuwa asibiti. Mutum ne ke zuwa. Matar da mijinta ya dawo gida ba ya iya jure hasken fitila ba ruwanta da cewa abin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba. Ƙarin mutum 27 ne aka buga wa ƙwaƙwalwa a shekara guda saboda an matsar da layi da yadi biyar, kuma an matsar da shi ne domin kallo ya yi armashi.

Ba abin mamaki ba ne idan aka duba yadda wasan ke gudana. An rage wa mutum goma da masu tare su gudu, amma shi mai dawo da ƙwallo har yanzu yana da fili na yadi 20 ko fiye da zai ɗebi gudu kafin ya iso cunkoso. Yana isowa a kan ganiyarsa, wanda zai kayar da shi kuma ya sunkuyo da kai. Wannan karo bai canja sosai ba, sai ma aka ninka yawansa.

Shi Trump da ya ce sabuwar dokar ba ta fi tsohuwar aminci ba, zai iya ɗaukar waɗannan alƙaluma ya ce kun gani. Amma maganin da yake nema, komawa dogon gudu, zai ƙara wa kowane karo ƙarfi ne. Alƙaluman ba su ce tsarin jerawa ya gaza ba. Cewa suka yi an sami magani mai rage zafin kowane bugu, sai aka mayar da shi lasisin ƙara yawan bugun.

Hujjar cewa rage dawowa na rage rauni ba sabuwa ba ce. Jami'o'in rukunin Ivy League sun matso da wurin bugu zuwa layi na 40 a 2016 domin ƙwallo ta riƙa wucewa. Binciken da mujallar likitoci ta JAMA ta wallafa a 2018 ya nuna girgizar ƙwaƙwalwa a bugun ta sauka daga kusan 11 a cikin 1,000 zuwa kusan 2. NFL ta san wannan sarai. Ta zaɓi ɗaya hanyar ne da idonta buɗe.

"To a soke bugun gaba ɗaya mana"

Akwai masu wannan ra'ayi, kuma ina girmama shi fiye da na masu son komawa baya. Greg Schiano, kocin LeGrand a Rutgers, bayan ya ga abin da ya sami yaronsa, ya ba da shawarar a cire bugun, a ba ƙungiyar da ta ci maki zaɓin ko ta yi yunƙuri guda na cin yadi 15, ko ta doka ƙwallo daga hannu kamar yadda ake yi idan hari ya ƙare.

Abin da ya hana ni bin su shi ne waɗancan yaran na ƙasan jeri. Wannan bugu ne ƙofar da da yawansu ke shiga gasar. Idan aka rufe ta, an kare kawunansu ta hanyar raba su da aikin. Kakar 2024 ta nuna akwai tsaka-tsaki: bugun yana raye, ana dawo da ɗaya cikin uku, masu gudu suna da aikin yi, raunin kai kuma 8. Me ya sa wannan bai isa ba?

Wani kuma zai ce duk wannan hayaniya a kan ƙaramin yanki ne na wasan. Webster ba mai gudun bugun buɗe wasa ba ne, a tsakiyar sahu yake, inda ake gwara hular kwano da hular kwano a kowane yunƙuri. Masu bincike a Jami'ar Boston, waɗanda a 2017 suka sami CTE a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar, sun daɗe suna cewa ƙananan bugu masu maimaituwa ne babban abin tsoro, ko da ba su kai ga suma ba. Iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi bayar da ƙwaƙwalwar, don haka adadin ba ya wakiltar kowa, amma saƙon a fili yake. Gyaran bugun buɗe wasa ba zai warkar da wannan ba.

Na yarda. Sai dai wannan hujja ce ta a ƙara gyara, ba ta a bar wanda ake iya yi ba. Kuma ita ce ke tona inda zuciyar hukumar take. Idan yawan bugu a tsawon rayuwa ne matsalar, to duk wasan da aka ƙara guba ne aka ƙara. A 2021 NFL ta mayar da wasannin kaka daga 16 zuwa 17. Shugabanta Roger Goodell ya sha faɗa a bainar jama'a cewa yana hangen 18. Ana sa ƙungiyoyi su buga ranar Lahadi su sake bugawa ranar Alhamis. Ƙungiyar 'yan wasa ta daɗe tana roƙon a cire ciyawar roba a shimfiɗa ta gaske, har yanzu kusan rabin filayen roba ne. Wanda ke yin waɗannan ba zai nuna mini bugun buɗe wasa ya ce lafiya ce gaba da komai ba.

Abin da nake so a yi ba shi da wahala. A bar jerawar yadi biyar yadda take. A mayar da layin durƙusawa zuwa 30, kociyoyi su zaɓa da kansu ko za su bari a dawo da ƙwallo, kada doka ta tilasta musu. A zauna da kociyoyin wannan fanni, irin su Darren Rizzi da John Fassel da suka tsara dokar tun farko, a nemo yadda za a rage gudun mai dawo da ƙwallo kafin ya iso sahu. Duk shekara a fitar da adadin mutanen da suka ji rauni a bugun, ba kaso kaɗai ba, kuma likitocin da ba hukumar ke biyan su ba su tantance shi. Sannan duk ɗan wasan da girgizar ƙwaƙwalwa ta same shi a fili a ba shi inshorar lafiya mai ɗorewa, ko ya cika kaka uku ko bai cika ba.

Yarjejeniyar da ke tsakanin hukumar da ƙungiyar 'yan wasa za ta ƙare ne bayan kakar 2030, kuma masu ƙungiyoyi ba za su sami wasa na 18 ba sai da sa hannun 'yan wasa. Wannan ce damar da ke hannunsu. Taurarin da ake jin maganarsu a teburin, waɗanda ba sa taka fili a lokacin wannan bugu, su ne ya kamata su sa batun layin 35 da inshorar yaran ƙasan jeri cikin sharuɗɗansu kafin a fara maganar ƙarin wasa.